Daminar da Tantan Ta Kwana a Tsakar Gidanmu

Da sunan Allah na ɗauki alƙalamin nan, kuma ku 'ya'yana nake yi wa, ku da naku 'ya'yan da za su tashi su tarar zance ya riga ya sauya kama a bakin mutane. Ranar sunan ɗiyar Asabe ina kishingiɗe a ɗaki na ji wata a cikinku tana faɗa wa ƙawarta wai Baffa Habu ne ya ƙwace motar noman babanku tun yana raye. Ban tanka ba, don gidan cike yake da baƙi. Amma maganar ta wuni a raina ta kwana, har na ga in na tafi da abin da na sani, babu sauran mai faɗa muku. Babanku Malam Isyaku ya rasu, ƙaninsa Habu ya rasu, Inna da ta haife su ta daɗe da riga su. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Saura ni.

Manyan cikinku sun san ƙauyenmu kafin kwalta ta iso. Tsakanin Kunci da Bagwai yake, inda gona ke manne da gona, iyakar wani da wani ba ta wuce layin gamba ɗaya ba, kuma duk inda ka tsaya kana jin sallamar wani gida. A duk yankin babanku kaɗai ke da motar noma, wadda muke kira tantan. Da can shi yake tuƙa ta a ofishin gona, da aka zo yin gwanjonta sai shi da Habu suka sayar da bijiman huɗar da suka gada wajen mahaifinsu suka saye ta. Ku riƙe wannan, tasu ce su biyu tun daga farko, sai dai babanku ne ya san hannunta. An ce ja ce a da. Ni dai da na zo gidan rana ta riga ta cinye jan, ta koma kalar goron da aka tauna aka tofar.

Sai shekarun wuya suka zo. Ruwa ya yi ta ɗaukewa gero na iya gwiwa, mutane suka ci iri, suka ci abin da ba su taɓa zaton za su ci ba. Shanun huɗa wasu suka mutu a turke, sauran aka kaɗa su kasuwa. A bayan farin kuma ga abin da mutanen birni ke kira tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an yi layi, balle kayan gyaran mota. Shekarar da nake ba ku labari, tsofaffi suka duba gabas suka ce bana da alamar damina mai albarka. Amma maza sun rame, da yawa sun tafi cirani ba su dawo ba, ba shanu, ba ƙarfin fartanya. Idon kowa ya koma kan tantan.

A lokacin ina ɗauke da cikin Asabe, ya yi nauyi, kuma irin cikin nan ne mai sa barci. Shi ya sa duk abin da na tuna na bazarar nan kamar ta ƙarƙashin ruwa nake hango shi, komai yana tafiya a hankali, murya tana zuwa daga nesa. Sai in zauna tankaɗe in farka in ga inuwa ta matsa, rariya na hannuna.

A irin wannan yanayi na ji ƙarar tantan a bayan gida wata rana da hantsi, sai kuma na ji ana sara katanga. Na leƙa, na ga babanku da gatari yana fasa katangar baya, wadda ke kusa da turken awaki. Da ya buɗe ƙofa daidai faɗinta, ya hau ya shigo da ita a hankali, garmar na jan ƙasa a bayanta tana tsaga tsakar gida, har ya tsayar da ita ƙarƙashin darbejiya. Inna ta fito da carbi a hannu. Ba ta kiran sunansa, ɗan farinta ne, sai dai ta ce Mai tantan.

"Mai tantan, lafiya? Mota a tsakar gida kamar akuya?"

"Ba ta da lafiya ne, Inna. A waje mutane za su dame ni da surutu."

"To Allah Ya ba ta lafiya. Amma katangata sai ka mayar."

Ga abin da ya same ta, yadda ya bayyana mini. A bayan tantan akwai hannayen ƙarfe biyu, su ke ɗaga garma in an kai ƙarshen kunya, su sauke ta in an juyo. Mai ne ke tura su daga ciki, direba liba kawai yake ja a gefen kujera. To hannayen nan ne suka mutu. In ya ja liba sai su yunƙura suna makyarkyata, su ɗaga garmar kamar taƙi ɗaya, su tsaya, sannan su sake ta a hankali, kamar tsohon da ya dafa ƙasa zai tashi gwiwa ta ƙi. Motar da ba ta ɗaga garma ba ta juyawa a ƙarshen gona, ba ta hawa hanya. Injin lafiyarsa ƙalau, amma aikin banza.

Washegari ya kira ni. Ban taɓa taɓa motar nan ba sai dai in shanya zane a jikinta. Ya zaro wani siririn ƙarfe daga gefenta, wanda ake auna mai da shi, ya kai shi kusa da hancinsa, ya juya wajen rana, ya sake matso da shi har yana neman taɓa gashin idonsa. Sannan ya miƙo mini.

"Rabi, duba mini. Ina man ya tsaya? Akwai zane biyu a jiki."

"Ya wuce na sama ma, Malam."

"Wane launi ne?"

"Kamar koko da aka zuba wa madara."

Ya ce ruwa ne ya shiga, mai na kirki kamar zuma yake. Ni kuwa ba man nake kallo ba a lokacin, shi nake kallo. Abubuwa suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya: yadda yake tuntuɓe da buta kwanan nan, yadda ya daina karatun Alƙur'ani da rana sai tilawa da ka, yadda bara wani ya kawo ƙara wai tantan ta cinye masa layin gamba har ta shiga gyaɗarsa. Ashe ba surutun mutane ya guda ba. Idonsu ya guda, kada su ga yana lalube.  Na goge ƙarfen da gefen zanena na mayar masa.

Daga ranar na zama idonsa, ba tare da wani a cikinmu ya faɗi haka da baki ba. Ya kwanta a ƙarƙashinta ya kwance noti, gurɓataccen man ya zubo cikin tsohon daron wankina, ya yi ta zuba kamar ba zai ƙare ba. Ya sa hannu ta wata kafa ya zaro wani abu mai kama da ƙaramar rariyar waya a naɗe, ya ce ita ke tace man kafin famfon da ke tura shi ya sha. Ta toshe ƙirin da dauɗa. Na zauna a inuwa da kananzir a gwangwani da tsinken tsintsiya ina wanke ta rami-rami, garin ƙarfe yana sauka ƙasan gwangwanin yana walƙiya kamar kwallin da ya zube. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai tuna kurciya na kuka a kan darbejiya, 'ya'yan darbejiyar na faɗowa kan motar ɗaya-ɗaya, wata kazata kuma ta riga ta mai da ƙarƙashin kujerar direba akurki.

Habu ya samo sabon mai a wajen wani direban tifa, ya ajiye a zaure ya tafi, don babanku ya ce ba ya son taimako. Muka zuba. Da safe aka tayar da ita, hannayen suka ɗaga garmar har sama, na yi guɗa ban sani ba. Babanku ya ɗaga mini hannu.

"Dakata tukuna. Bari jikinta ya yi zafi."

Kafin rana ta take, garmar ta fara sunkuyowa. Ta yi ƙasa kaɗan, motar ta fizgo ta sama, ta sake yin ƙasa, kamar mai gyangyaɗi a wajen wa'azi. Can sai ta kwanta gaba ɗaya ta ƙi tashi. Ya ce mai in ya yi zafi tsinkewa yake yi, in akwai kafa sai ya samu hanyar gudu. Sauran mu gano kafar.

Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa mai ƙanshin ƙasa, sai ya watse. Mutane suna zuwa ƙofar gida suna sallama, ba don komai ba sai su ji ko tantan ta tashi. Wata tsohuwa da 'ya'yanta duk suka tafi kudu ta shigo har tsakar gida, ta tsaya gaban motar ta daɗe, ta shafa tayar da tafin hannunta kamar mai gaida majinyaci, ta fita. Tuwonmu ya koma ƙanshin kananzir. Inna ta daina ƙorafi a kan katanga, ta koma zama a tabarmarta tana jan carbi tana kallonmu.

Wata rana ya ce in ba shi muciyata. Na ɗauka wasa yake yi. Ya tayar da injin, ya ɗora kan muciyar a cikin motar, can ƙasa inda famfon yake, ya manna ɗaya kan a kunnensa, ya rufe ido. Ya daɗe haka. Sannan ya yafito ni ya ɗora mini a nawa kunnen. Ta cikin icen da nake tuƙa tuwo da shi na ji wani bugu, a jere, a natse, can cikin duhun ƙarfe. A daidai lokacin Asabe ta motsa a cikina. Na tsaya tsakanin bugu biyu ban san wanne nake sauraro ba.

"Kin ji?" in ji shi. "Famfon nan bai gaji ba. Da ya gaji da kin ji yana tari. Alhamdu lillahi, don shi ne ba za mu iya saye ba. Yana tura man, man ne ba ya isa inda aka aike shi."

A gefen cikin motar akwai wani murfi kewayayye kamar faifai. Ya rage man har ya sauka ƙasa da shi, ya kwance murfin, sai ga rami baƙi. Ya ce zai tayar da ita ya ja liba, ni kuma in leƙa in faɗa masa ta ina man ke fitowa, amma ko da wasa kada in sa hannu. In na ga yana tafasa daga ƙasa, wani abu ne. In daga sama yake zubowa, wani abu ne dabam. Na durƙusa da ƙyar na leƙa, duhu kawai. Ba mu da batirin tocila. Sai na shiga ɗaki na ciro madubin da aka kawo ni da shi, na jingina shi da turmi, na yi ta karkata shi har ya kamo rana ya jefa ta cikin ramin.

'Ya'yana, ban taɓa ganin abu kamar wannan ba. Ciki ɗaki ne guda, da ginshiƙai da baka irin na soron sarauta, komai yana sheƙi. A ƙasa tafkin mai ne, kalar zuma, yana rawa a hankali. Da ya ja liba sai na ga ana ruwa a cikin ɗakin. Daga rufin sama yake saukowa, zare-zare, hasken madubi yana ratsa shi, yana faɗawa tafkin yana zana da'ira. Mu da muka shekara muna kallon sama muna roƙo, ga shi ana tsuga shi a cikin cikin tantan. Na manta abin da aka aike ni. Sai da na ji muryarsa ta saman ƙarar injin.

"Rabi! Me kika gani?"

"Ruwa ake yi, Malam."

"Daga ina?"

"Daga sama. Ta baya-baya, ƙarƙashin inda kake zaune."

Ya kashe injin. Na ga fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun kafin azumi. Ya ce a ƙarƙashin kujera akwai wani tulun ƙarfe da man ke shiga ya tura abin da ke ɗaga hannayen, a bakin abin kuma akwai zobe da ke hana man komowa. Zoben ne ya mutu. Ƙaramin abu ne, amma kafin a kai gare shi sai an ɗage murfin sama gaba ɗaya, wanda nauyinsa ya fi buhun gero. Ni ga ciki, shi kaɗai kuma ba zai iya ba. Dole ya aika a kira Habu.

Habu a lokacin magidanci ne, ya yi aure, mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai. Suka cire kujerar, suka kwance notuna, suka ɗaura igiya suka zura taɓaryata, kowa ya sa kafaɗa suka ɗago murfin suka kifar a kan tabarma. Nan ne abin ya faru. Babanku ya miƙa hannu zai ɗauki sufana, tana nan gab da gwiwarsa, rana na haskata. Hannunsa ya wuce ta, ya shafa ƙasa, ya dawo, ya sake wucewa. Habu ya kalli hannun. Ya ɗago ya kalle ni. Na kawar da kai. Sai ya sa ɗan yatsa ya tura sufanar a hankali har ta taɓa hannun yayansa.

"Ga ta nan, Yaya. Ni na matsar da ita."

Zoben ya fito a tsage, ya bushe kamar tsohuwar fatar ganga. Biyu ne ma, na roba da na fata a bayansa. Babanku ya sa ni na leƙa cikin tulun da madubi in ga ko ya karce, na ce sumul yake sai wani ɗan zane da ko farce ba ya kamawa. Habu ya ƙulle mataccen zoben a gefen hularsa ya hau keke ya nufi Kano, don kuɗin mota gara a sa shi a mai. Ya kwana biyu yana bin 'yan gwangwan da rumfunan kayan gyara, ya dawo leɓensa a fashe da zoben roba a aljihu. Na fatar bai samu ba. Badukun garinmu ne ya auna tsohon ya yanka mana sabo daga ƙirgin sa, muka jiƙa shi a mai har ya yi laushi. Ni na sa su, don yatsuna sun fi siranta. Babanku ya bi bayana da nasa yatsun, ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ce ya zauna.

Ranar da aka mayar da komai aka tayar da ita, garmar ta tashi tsaf ba makyarkyata. Ya bar injin ya yi zafi har rana ta karkata, ba ta sunkuya ba. Ya kashe injin ma, ta ci gaba da tsayuwa a sama, kaza ta hau ta zauna. Da la'asar ɗin nan hadarin bai watse ba. Muka tsaya a ƙofar ɗaki muna kallon ruwa yana dukan jikin tantan yana wanke ta, har wani ja-ja ya fara leƙowa daga ƙarƙashin dauɗa. Babanku ya miƙa hannu waje ruwan na zuba a tafinsa.

"Gobe da sassafe zan fita," ya ce. "Da gonar tsohuwar nan da 'ya'yanta suka tafi kudu zan fara."

Da na so in bar shi da farin cikinsa ko na yinin nan ne. Amma na san yadda ake yi in tantan ta fita. Duk yaran gari bin ta suke yi, suna tsalle a sabuwar kunya, suna tsintar gyare a bayan garma, wasu har su ɗare ƙarfen baya. Mata suna ratsa gonaki da ƙwaryar fura a ka. Ku kanku, Sani da Lami, kuna cikin masu bin ta. A ƙasarmu babu fili da za a ce babu kowa.

"Malam," na ce, "ba ka ganin sufana a gaban gwiwarka. Yaya za ka ga yaro a bayan taya?"

Ya janye hannunsa daga ruwan. 

"Gonakin nan na san su kamar ɗakina."

"Gonakin ba sa motsi. Yara suna yi."

"Ke na nuna wa, Rabi. Ke kaɗai. Ban nuna miki don ki ɗaure ni ba."

Ya shige ɗakinsa. Ni kuma na tsaya ina jin ruwa, ina auna abin. Na san in na yi shiru wataƙila a gama damina lafiya, a ce Mai tantan ya ceci gari. Na kuma san in ba a gama lafiya ba, ni ce na gani na yi shiru. Kafin a kira magariba na yafa mayafi na ratsa ruwan zuwa ɗakin Inna na faɗa mata komai. Ta saurare ni har na gama, carbinta bai tsaya ba.

"Na riga ki sani," ta ce. "Ni na haife shi. Ina jira ne in ga ko akwai mai ƙarfin halin faɗa."

Da safe ta kira su su biyu, ta sa ni ma na zauna daga bakin ƙofa. Ba ta ja zance ba. Ta ce Mai tantan ya ba ƙaninsa makulli. Habu ya ce shi bai iya ba sosai, a bar wa Yaya. Ta ce ba shawara take nema ba. Babanku ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a tabarma, bai miƙa ba. Abu ɗaya ya roƙa, kada a faɗa wa kowa dalili. Habu ya ce ya ɗauki alkawari. Ya kuwa riƙe shi har kabarinsa. Mutane suka ga ƙani a kan kujera, wa yana zaune a zaure, suka ƙulla nasu labarin. An faɗa wa Habu magana a kasuwa, an faɗa masa a wajen ɗaurin aure, wasu da ya nome wa gona ma sun faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Ko bayan da makantar babanku ta fito fili kowa ya gani, zancen farko ya riga ya zauna, sai aka ce ai ganin ya makance ne ya sa ƙanin ya samu dama.

Ni kuma nawa rabon shi ne shiru. Babanku bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, bai rage ni da komai ba. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. In na kai masa abinci ya ce an gode, kamar baƙo. Tsakar gida ta yi fili, sai tabon mai a ƙarƙashin darbejiya da ciyawa ta ƙi fitowa a kai. Habu ya mayar da katangar. Daga nesa muna jin tantan tana aiki, wata rana gabas, wata rana arewa, babanku yana zaure ya karkata kai yana bin ƙarar. Na haifi Asabe gero na fitar da kai. Ya karɓe ta ya yi mata huɗuba, ya shafa fuskarta da yatsunsa a hankali tun daga goshi har haɓa, ya miƙo mini ita ba tare da ya ce da ni komai ba. Wannan ya fi mini ciwo fiye da naƙudar. Duk da haka ban taɓa cewa da na sani ba, ko sau ɗaya. An gama daminar babu ɗan wanda aka taka, gari kuma ya ci sabon gero.

Habu ne ya san yadda ya yi da shi. Da kaka, ana jigilar dawa, ya zo ya durƙusa a zaure ya ce motar tana wani kuka da bai gane ba, ko Yaya zai zo ya ji. Ban sani ba ko da gaske akwai kukan. Babanku ya ƙi, ya sake zuwa, ya ƙi, har dai wata safiya na ga sun fita, hannun babanku a kafaɗar Habu. Ya ɗora shi a kan murfin babbar taya, gefen direba, ya riƙe ƙarfe. Tun daga nan wurin zamansa ke nan. Habu na riƙe da sitiyari, shi kuma yana sauraro, yana cewa sassauta, ƙasar nan da tauri, ɗaga garma kaɗan, ka cika mata ciki. Ya fara dawowa gida da warin gas a riga da yunwa. Magana tsakaninmu ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, ta gishiri, ta kuɗin cefane, ta zazzaɓin yara. Amma zancen motar bai taɓa haɗa mu ba.

Da damina ta zagayo, ruwan shuka ya sauka, masu gona suka cika zaure kowa na son a fara da tasa. Ina daga ciki ina jin hayaniyarsu. Sai na ji muryarsa ta ratsa ta kowa.

"Ku yi haƙuri. Bana da gayaunar Rabi za a fara."

Wata 'yar gona ce da na gada wajen mahaifina, a bayan gari, ƙarama ƙwarai, tantan ba ta taɓa shiga ba don ba ta kai a ɓata mata gas ba. Wani ya yi dariya ya ce Malam, ai kafin a juya an fita. Babanku ya ce ya sani.

Na goya Asabe na bi su daga baya. Ƙasa ta sha ruwa, tana tururi a hasken safiya, har motar ta zama kamar tana iyo. Na tsaya a gefen yamma wajen gamba. Suka sauke garma, baƙar ƙasa ta yi ta kifewa a bayansu, balbelu suna sauka. Da suka kai ƙarshe na ga Habu ya ja liba, hannayen suka ɗaga garmar sama, ƙasa na zuba daga bakinta, suka juyo. Habu ya sunkuya ya faɗa masa wani abu a kunne, ina jin ce masa ya yi na zo. Sai babanku ya saki ƙarfen da hannu ɗaya, ya ɗaga shi sama yana murmushi, ya juya fuskarsa wajen wata kuka da ke gefen gabas, inda yake zaton nake. Babu kowa a wajen. Ya bar hannun a sama yana jira.

Na tattare zanena, na ratsa sabuwar huɗar da sauri, ƙafata na nutsewa, Asabe na dariya a bayana, har na isa gindin kukar. Na tsaya daidai inda yake kallo, na ɗaga masa nawa hannun.